Kutsen TJX: Daga Wi-Fi na Shaguna Biyu Zuwa Katunan Banki Miliyan 45

A watan Yuli na shekarar 2005 wasu matasa suka tsayar da mota kusa da shagunan Marshalls guda biyu a birnin Miami na jihar Florida ta Amurka. Kayan aikinsu laftof ne da eriya mai janyo sigina daga nesa. Suna zaune cikin motar suka saurari abin da na'urorin shagunan ke aika wa juna ta iska, suka gano mabuɗin da ke kare shi, suka shiga. Daga nan suka bi hanya har manyan kwamfutocin kamfanin TJX, mai waɗannan shaguna, a hedikwatarsa da ke Framingham ta jihar Massachusetts, kimanin kilomita 2,000 daga inda motar take. Kusan shekara ɗaya da rabi suka yi suna shige da fice kafin kamfanin ya farga.

TJX babban kamfanin sayar da tufafi da kayan gida ne. A lokacin yana da shaguna kusan 2,500: T.J. Maxx da Marshalls da HomeGoods a Amurka, Winners da HomeSense a Kanada, T.K. Maxx a Birtaniya. Cinikinsa na shekara ya haura dala biliyan 17. Kuɗin sauya na'urorin Wi-Fi bai fi ƙarfinsa ba, kuma ma'aikatansa sun san akwai matsala. Abin da ya sa lamarin ya cancanci nazari ke nan.

Waɗanda suka yi aikin

Jagoran ƙungiyar shi ne Albert Gonzalez, ɗan Miami, wanda a lokacin bai wuce shekara 24 ba. An taɓa kama shi a 2003 a New York yana cire kuɗi daga ATM da katunan jabu. Maimakon a ɗaure shi, hukumar Secret Service ta Amurka, mai binciken laifukan kuɗi, ta mai da shi ɗan leƙen asirinta, har ya taimaka aka rusa dandalin Shadowcrew a 2004, wurin da ake cinikin lambobin katin da aka sato. Wato duk tsawon lokacin da ake kwasar bayanan TJX, shugaban ɓarayin yana aiki da hukumar da ke farautarsu. An bai wa kura ajiyar nama.

Dabararsu ta farko mai sauƙi ce. Su bi babban titin da ake kira U.S. 1 da mota a hankali, laftof a buɗe, manhaja tana jera musu sunan kowace sadarwar Wi-Fi da ta ji, da ƙarfin siginarta, da irin kariyar da take amfani da ita. Wadda ba ta da kariya, ko mai kariya mai rauni, a yi mata alama a dawo. Christopher Scott shi ne gwanin wannan ɓangare. Takardar tuhumar da aka shigar daga baya ta lissafa wasu kamfanonin da ƙungiyar ta shiga, cikinsu har da BJ's Wholesale Club da OfficeMax da Barnes & Noble.

Wanda yake son sauraron sadarwar da ke bin waya dole ya shiga gini ya taɓa wayar. Siginar rediyo kuwa tana ratsa bango, ta fita har wurin ajiye motoci, kuma eriya mai kyau tana jin ta daga nesan da wayar hannu ba ta ji. Mai sauraro ba ya aika komai. Katin Wi-Fi na laftof ɗinsa yana karɓa ne kawai, don haka babu wata alama da zai bari a na'urar shago. Abin da ya rage tsakaninsa da bayanan shi ne ƙarfin tsarin da aka sirranta su da shi. A waɗannan shaguna biyu tsarin WEP ne.

Matsalar WEP

WEP ya zo tare da ƙa'idar farko ta Wi-Fi, 802.11, a 1997. Duk na'urorin da ke kan sadarwar suna amfani da mabuɗi ɗaya. Don kada kowane ƙunshin bayanai ya fita a sirrance iri ɗaya, sai a haɗa mabuɗin da wata 'yar lamba mai canzawa, a zuba su cikin tsarin lissafi na RC4. Wannan 'yar lamba tsawonta bit 24 ne, wato iyakarta kusan miliyan 16.7, kuma a fili ake aika ta tare da kowane ƙunshi domin mai karɓa ya iya warwarewa. A sadarwar da ake yawan amfani da ita, lambobin kan fara maimaituwa cikin 'yan sa'o'i.

A 2001 masana uku, Scott Fluhrer da Itsik Mantin da Adi Shamir, suka nuna abin da ya fi wannan muni. Wasu daga cikin lambobin, idan RC4 ya sarrafa su, suna barin ɗan ɓurɓushin mabuɗin a farkon ƙunshin. Ƙunshi ɗaya ba ya faɗin komai. Amma idan aka tara da yawa aka yi ƙidaya, sai mabuɗin ya fito ɗaya bayan ɗaya. A wannan shekarar manhajar AirSnort ta fito kyauta tana yin wannan lissafi. Daga baya aka gano cewa ba sai an jira ba ma: mai kutse na iya kama ƙunshi ɗaya ya riƙa mayar wa na'urar da shi, ita kuma ta riƙa amsawa, kowace amsa da sabuwar lamba, har a tara abin da ake so. A farkon 2005 jami'an FBI suka fasa mabuɗin WEP cikin minti uku a gaban mahalarta wani taro a Los Angeles. A 2007 masu bincike a jami'ar Darmstadt ta Jamus suka mai da shi ƙasa da minti ɗaya.

Harin bai dogara da cankar kalmar sirri ba. Mai haruffa biyar da mai ashirin da shida duk hanya ɗaya ake bi a fito da su, domin laifin yana cikin ginin tsarin ne. Gyaransa ɗaya ne, a bar shi. Kuma abin komawa yana nan: WPA ya fito a 2003, WPA2 ya biyo baya a 2004.

Wasiƙar watan Nuwamba

A cikin takardun da bankuna suka gabatar wa kotu bayan sun maka TJX ƙara, akwai imel da shugaban sashen fasahar kamfanin ya aika wa ma'aikatansa a Nuwamban 2005. Ya amince cewa WPA shi ne abin da ya dace, kuma wata rana ƙa'idar kamfanonin kati za ta wajabta shi. Amma a fahimtarsa, a halin da ake ciki za su iya cika ƙa'idar ba tare da shi ba, don haka akwai damar ɗage kashe wannan kuɗi daga kasafin shekara mai zuwa, muddin kowa ya yarda haɗarin kaɗan ne. Ɗaya daga cikin ma'aikatan ya amsa da cewa cika ƙa'ida daban, tsare kai daga masu kutse daban, kuma zama da WEP yana nufin an zaɓi rage kuɗi tare da fatan kada a shigo.

Ranar da ake wannan musayar, ɓarayin sun riga sun yi wata huɗu a ciki.

A ganina nan ne zuciyar lamarin. Tambayar da aka yi a wasiƙar ita ce ko mai duba ƙa'ida zai kama su. Tambayar ko mutum da laftof a wurin ajiye motoci zai iya shiga an san amsarta tun 2001. Ƙa'idar PCI DSS, wadda Visa da MasterCard da sauran kamfanonin kati suka fitar a ƙarshen 2004, ba ta haramta WEP kai tsaye a lokacin ba, sai aka ɗauki shirunta a matsayin izini. Ƙa'ida kullum tana bayan masu kutse ne, domin sai an yi ɓarna ake zama a gyara ta.

Don adalci, kamfanin bai zauna haka kawai ba. Binciken da kwamishinar kare sirrin jama'a ta Kanada ta yi tare da takwaranta na lardin Alberta, wanda ya fito a Satumban 2007, ya nuna an fara sauyawa zuwa WPA a Oktoban 2005, aka kammala a Janairun 2007. Tsofaffin na'urorin hannu da ma'aikata ke duba farashi da su ba duka ke iya WPA ba, kuma sauya kaya a dubban shaguna aiki ne. Amma hukuncin masu binciken shi ne an yi jinkirin da bai dace ba. Sannan sauya mabuɗin bayan an shiga bai fitar da wanda ya riga ya kafa zama a ciki ba.

Abin da ke bayan ƙofar

Da a ce Wi-Fi na shagon a killace yake, da abin da ɓarayin za su samu bai wuce zirga-zirgar na'urorin duba farashi na shago ɗaya ba. Abin da suka tarar ya sha bamban. Daga sadarwar shagon ana iya kaiwa ga sadarwar kamfani gaba ɗaya. Suka tsinci sunayen shiga da kalmomin sirrin ma'aikata, suka buɗe wa kansu asusu a kwamfutocin Framingham da ke sarrafa biyan kuɗi da kati.

Ƙorafin da hukumar kula da kasuwanci ta tarayya, FTC, ta shigar a 2008 ya jera abubuwan da suka ba da hanya. Ana ajiye bayanan masu saye kuma ana aika su a cikin sadarwar kamfani ba tare da an sirranta su ba. Ba a taƙaita shiga ta Wi-Fi ba. Ba a tilasta wa masu kula da tsarin amfani da ƙaƙƙarfar kalmar sirri ba. Babu isasshiyar katanga tsakanin kwamfutocin da ke riƙe da bayanan kati da intanet. Kuma babu ingantacciyar hanyar gano cewa wani ya shigo. Takardun bankunan sun ce mai binciken da ya duba kamfanin bayan faruwar abin ya samu ya gaza cika tara daga cikin sharuɗɗa goma sha biyu na PCI.

Sai kuma tarin abin da bai kamata a ce yana nan ba. Mafi yawan lambobin da TJX ya amince an kwasa a zagayen farko na cinikin shekarar 2003 ne, suna zaune a kwamfuta shekara biyu bayan mai saye ya tafi da kayansa. Wanda ya dawo da kaya ba tare da rasiti ba kuma, ana karɓar lambar lasisin tuƙinsa a ajiye, ba tare da ranar gogewa ba. Mutane sama da 450,000 ne irin wannan bayani nasu ya fita. Katin banki ana soke shi a ba da sabo cikin mako ɗaya. Suna da adireshi da lambar lasisi kuwa suna bin mutum shekaru. Masu binciken Kanada sun fi tsananta magana a kan wannan, suka ce tun farko babu dalilin karɓar lambar, balle riƙe ta.

Da tsofaffin lambobi suka fara zama marasa amfani saboda wa'adin katunan ya ƙare, sai ƙungiyar ta nemi sababbi. A watan Mayun 2006 suka girka wata manhajar sauraro a cikin sadarwar kamfanin, wadda wani abokin Gonzalez mai suna Stephen Watt, mai rubuta manhaja a New York, ya rubuta. Aikinta ta zauna a hanyar da bayanan kati ke bi lokacin da ake neman amincewar banki, ta kwafe su suna wucewa. Suka kuma haɗa wata ɓoyayyiyar hanya ta intanet kai tsaye zuwa kwamfutocin, yadda ba sa bukatar komawa wurin ajiye motoci. Bayanan suna fita zuwa kwamfutoci a Latbiya da Yukren. Wani ɗan Yukren, Maksym Yastremskiy, yana sayar da lambobin, masu saye kuma su buga su a kan fararen katuna. A Florida an kama wani gungu a 2007 da ya yi amfani da irin waɗannan katuna ya sayi katunan kyauta na Wal-Mart na miliyoyin daloli.

Duk wannan kaya yana fita wata da watanni, kuma babu wanda ya tambayi dalilin da kwamfutar biyan kuɗi ke aika manyan fayiloli zuwa Gabashin Turai.

Farga da lissafi

Ranar 18 ga Disamba 2006 TJX ya ga baƙuwar manhaja a tsarinsa. Ya kira kamfanonin IBM da General Dynamics su bincika, ya sanar da hukumomi, sannan ya faɗa wa duniya ranar 17 ga Janairu 2007, bayan cinikin Kirsimeti ya wuce. A watan Maris ya shaida wa hukumar kasuwar hannayen jari cewa aƙalla katuna miliyan 45.7 abin ya shafa, kuma cikakken adadin ba zai taɓa sanuwa ba, saboda an riga an goge wasu fayilolin kuma ɓarayin sun share sawunsu. Bankunan da suka yi ƙara sun ce adadin ya kai miliyan 94, miliyan 65 na Visa da miliyan 29 na MasterCard.

Zuwa Agustan 2007 kamfanin ya ƙiyasta asararsa a kan dala miliyan 256. Ya sasanta da bankunan Visa a kan dala miliyan 40.9, da na MasterCard a kan miliyan 24, sannan a 2009 ya biya jihohi 41 dala miliyan 9.75. FTC ta ɗora masa binciken tsaro daga waje duk bayan shekara biyu har tsawon shekara 20. Wani abin mamaki shi ne masu saye ba su guje shi ba, cinikinsa ma ƙaruwa ya yi a wannan shekarar. Doka da tsarin kati suna kare mai kati daga cinikin da ba shi ya yi ba, don haka zafin ya fi sauka a kan bankuna, musamman ƙanana, da suka biya kuɗin sake buga katuna.

Abin da ya rage a yau

WEP ya kusa ɓacewa, sai a tsofaffin na'urori da aka manta da su a lungu. Mai rauta, wato na'urar da ke ba da Wi-Fi, a gida ko ofis yau WPA2 ko WPA3 yake gani a saitinsa, kuma duk inda ya ga WEP ko TKIP, tsarin sirrantawa na WPA na farko, alama ce ta cewa na'urar ta tsufa. Sai dai raunin ya koma wani wuri. A WPA2 mai kalmar sirri ɗaya, duk lokacin da waya ta haɗu da rauta suna musayar saƙonni huɗu na gaisuwa. Mai sauraro yana iya kama wannan gaisuwa, ko ya kori wayar na daƙiƙa ɗaya don ta sake haɗuwa a kan idonsa. Sannan ya tafi gida da ita ya sa kwamfuta ta riƙa gwada kalmomi, dubbai a kowace daƙiƙa, rautar ba ta sani ba. A nan tsawon kalmar sirri shi ne komai. Lambar waya, ranar haihuwa, sunan kamfani da shekara a ƙarshe, duk suna cikin abin da ake fara gwadawa. Jimla mai kalmomi huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna ta fi ƙarfin irin wannan gwaji. WPA3, da ya fito a 2018, ya canza gaisuwar yadda kamawa a tafi da ita ba ya amfani, kowane canke sai an yi shi da rautar kanta.

Akwai kuma WPS, wanda aka ƙirƙiro don sauƙaƙa haɗa na'ura da lamba takwas. A Disamban 2011 wani mai binciken tsaro, Stefan Viehböck, ya nuna cewa rauta tana tabbatar da rabin lambar daban da ɗaya rabin, don haka gwaji kusan 11,000 ya isa maimakon miliyan 100. Kalmar sirri komai tsawonta ba ta hana wannan, sai dai a kashe WPS ɗin. Harin KRACK da mai binciken tsaro Mathy Vanhoef ya bayyana a 2017 ya taɓa WPA2 kansa, kuma maganinsa sabunta manhajar na'urori ne, abin da masu rauta da yawa ba su taɓa yi ba tun ranar da aka girka ta. Ɓoye sunan sadarwa da tace na'urori ta adireshin MAC, lambar shaidar kowace na'ura, ba su da wani tasiri a kan mai sauraro: sunan yana fita duk lokacin da wata na'ura ta haɗu, adireshin kuma a fili yake, kwaikwayonsa aikin minti ɗaya ne.

Amma duk waɗannan gyaran ƙofa ne, kuma a TJX ƙofa kashi ɗaya ce cikin labarin. Ma'aikatar da mutum talatin suka san kalmar sirrinta ta Wi-Fi, har da wanda aka sallama bara, tana bukatar tsarin 802.1X, inda kowane ma'aikaci ke da shaidarsa, a iya soke ta mutum ɗaya ba tare da an taɓa sauran ba. Na'urar duba farashi, kyamarar tsaro, firinta da wayar baƙo ba su da abin yi a sadarwa ɗaya da kwamfutar da ke riƙe da kuɗi. Ko rautar gida mai araha tana da saitin sadarwar baƙi, wanda ke ba da intanet ya hana ganin sauran na'urori. Bayani mai daraja ya kamata ya tafi a sirrance tun daga inda ya tashi har inda za shi, yadda ko an fasa Wi-Fi abin da za a ji ba zai karantu ba. Da bayanan kati na TJX haka suke tafiya, da manhajar Watt ba ta samu abin kwafa ba.

An kama Yastremskiy a Turkiyya a Yulin 2007, kuma abin da aka samu a kwamfutarsa ya taimaka aka kai ga sauran. An kama Gonzalez a Mayun 2008, a watan Agusta aka tuhumi mutum 11. Ya nuna wa jami'ai inda ya binne sama da dala miliyan ɗaya a bayan gidan iyayensa. A Maris na 2010 kotun tarayya a Boston ta yanke masa shekara 20, Scott ya samu bakwai, Watt kuwa an riga an yanke masa biyu a Disamban 2009.

Kamfanonin kati sun gyara ƙa'idarsu a Oktoban 2008. Suka hana girka sabon WEP daga ƙarshen Maris 2009, suka ba masu tsohon wa'adi zuwa 30 ga Yuni 2010, shekara tara bayan binciken Fluhrer da abokansa. Ƙa'idar tana kuma bukatar duk mai karɓar kati ya binciki harabarsa duk wata uku, ko akwai na'urar Wi-Fi da wani ya jona ba da izini ba. Kafin wa'adin ya cika ƙungiyar Gonzalez ta daɗe da barin yawo da eriya. Kutsen da suka yi wa kamfanin Heartland Payment Systems, wanda ya shafi katuna kimanin miliyan 130, ta shafin intanet na kamfanin suka shiga.